Kafin na'ura ta faɗa wa manomi abin yi: yadda ake aiki da ƙa'idojin amintacciyar ƙirƙirarriyar basira a gona

A shekarar 2016 wasu masu bincike uku suka horar da kwamfuta da hotunan ganye 54,306 daga rumbun PlantVillage, na amfanin gona iri 14 da cututtuka 26. Da suka gwada ta da hotunan da suka ware daga cikin rumbun, sai ta ci kashi 99.35 cikin ɗari. Abin a yaba musu shi ne ba su tsaya a nan ba. Sun nemo wasu hotunan da aka ɗauka a wani yanayi dabam, suka sake gwadawa, sakamakon ya faɗo zuwa kusan kashi 31. Kwamfutar ita ce dai, ba a taɓa ta ba. Bambancin kawai shi ne ganyen farko an tsinko shi ne an shimfiɗa a kan fili mai launi ɗaya, na biyun kuwa hotuna ne irin na yau da kullum, kowanne da haskensa da tarkacen da ke bayansa.

Duk maganar amana a harkar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, a gona, tana cikin tazarar nan tsakanin 99 da 31. Ƙa'idoji kam akwai su jibge a rubuce, yawancinsu ma masu kyau ne. Sai dai an tsara su ne don kowane fanni, daga banki har asibiti, ba sa faɗa maka yadda za ka yi da su a gonar masara. Noma kuwa da nasa hali. In manhajar talla ta nuna maka abin da ba ka so, ka wuce abinka. In manhajar noma ta ce a yi shuka yau, ruwa ya ɗauke na mako uku, iri ya tafi ke nan, damina kuma ba ta komowa don wani ya yi kuskure. Na rubuta wannan ne don wanda nauyin zaɓar irin waɗannan na'urori ke wuyansa: shugaban ƙungiyar manoma, manajan babbar gona, malamin gona, ko mai ƙera manhajar kansa.

Mataki na ɗaya: ka zaɓi ƙa'ida ɗaya ka riƙe

A Afrilun 2019 kwamitin ƙwararru na Tarayyar Turai ya fitar da sharuɗɗa bakwai: iko da sa ido su kasance a hannun ɗan'adam, na'ura ta zama mai ƙarko wadda ba ta cutarwa, a kare sirri a kuma kula da bayanai, a yi abu a fili, kada a nuna wariya, a duba maslahar jama'a da muhalli, sannan a san wanda za a riƙe in an yi ɓarna. Wata guda bayan haka ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta amince da nata ƙa'idojin, UNESCO ta biyo baya a Nuwamban 2021 da amincewar ƙasashe 193. Waɗannan manufofi ne. Suna gaya maka inda za ka, ba sa nuna maka hanya.

Masu nuna hanya biyu zan ambata. Na farko shi ne tsarin kula da haɗari na hukumar tsara ma'aunai da fasaha ta Amurka, NIST, wanda ya fito a Janairun 2023. Ya kasa aikin gida huɗu: shugabanci, sanin mahallin da na'ura za ta yi aiki, aunawa, da magance abin da awon ya nuna. Na biyu shi ne ma'aunin ƙasa da ƙasa mai suna ISO/IEC 42001 na Disamban 2023, tsarin gudanarwa ne da masu bincike na waje ke iya tantancewa su ba da takardar shaida. Shawarata, ka fara da na NIST, don kowa na iya sauko da shi daga intanet, kuma ba ya tilasta maka ɗaukar ma'aikaci na musamman. Na ISO ka bar shi sai ƙarshe.

Doka kuma dabam take da waɗannan. Dokar AI ta Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, sassanta na shigowa daki-daki, kuma ta hau kan duk wanda ke sayar da na'urarsa a kasuwar Turai ko da a wata nahiyar yake zaune. Ko ba ruwanka da Turai, ka nemi dokar kare bayanan sirri ta ƙasarka ka karanta tun kafin ka karɓi lambar wayar manomi ko ɗaya.

Mataki na biyu: ka lissafa abin da ke hannunka, ka jera shi bisa girman ɓarnar da zai iya yi

Ɗauki takarda ka zagaya. Yawanci abin ya fi yadda ake zato: manhajar waya mai gano cutar ganye, hasashen saukar ruwa, ma'aunin danshin ƙasa mai kunna ban-ruwa da kansa, kyamarar injin feshi mai bambance ciyawa da shuka, abin wuyan saniya mai lura da motsinta da tuƙarta, tsarin da ke tantance wanda ya cancanci rance. Kada ka manta da manhajar hira da ma'aikatanka ke tambaya a wayoyinsu ba tare da kowa ya sa su ba. Ita ma tana cikin lissafi, ita ce ma aka fi mantawa.

A gaban kowanne ka amsa tambaya uku. Wace shawara yake taɓawa? In ya yi kuskure, asarar a kan wa za ta faɗa? Ana iya gyara kuskuren a cikin wannan daminar, ko sai baɗi?

Amsoshin za su raba maka kayan kashi uku: masu ba da labari kawai, masu ba da shawarar da mutum zai aiwatar da hannunsa, da masu aiwatarwa da kansu ko yanke hukunci a kan mutum. Kashi na ukun ne zai ci rabin lokacinka. Ba banza ba dokar Turai ta sa tsarin auna cancantar mutum ga bashi a sahun masu babban haɗari. Injinan gona masu tuƙa kansu kuma suna da tasu ƙa'idar tsaro, ISO 18497, wadda ta fara fitowa a 2018, sai ka tambayi mai sayarwa ko injinsa ya cika ta.

Mutane sun fi jin tsoron tarakta marar direba, ga ta ƙatuwa tana tafiya ita kaɗai. Ni kuwa na fi jin tsoron ƙaramar manhajar da ke faɗa wa dubban manoma yawan maganin ƙwarin da za su zuba a famfon feshi, don tarakta gona ɗaya za ta ɓata, ita kuwa a rana ɗaya sai ta ɓata na yanki guda.

Mataki na uku: ka rubuta sunan mutum

Kowace na'ura da ke cikin jerin a rubuta sunan mutum ɗaya a gabanta, da lambar da za a same shi, da ikon dakatar da ita ba sai ya jira taro ba. Kwamiti ba ya ɗaukar waya. Kuma kada ya zama wanda ladansa ya dogara da yawan masu amfani da manhajar.

Mataki na huɗu: ka bi asalin bayanan

Tambayi mai sayarwa, a rubuce: a waɗanne ƙasashe aka tattara bayanan da aka horar da manhajar? Damina nawa? Wane irin iri? Da wace irin waya aka ɗauki hotunan? Wa ya duba kowane hoto ya ce wannan cuta kaza ce, masanin cututtukan tsirrai ne ko ɗan kwangilar da ake biya bisa yawan hoto? In ya ce sirrin kamfani ne, to ka san cinikin biri a sama ake so ka yi.

Dalilin nacewa a kan wannan shi ne kwamfuta ba ta koyon abin da kake nufi, abin da ya fi sauƙi take kamawa. A 2022 wani mai bincike ya koma kan rumbun PlantVillage ɗin nan, ya jefar da ganyen gaba ɗaya, ya horar da kwamfuta da takwas kacal cikin 'yan ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su zama hoto, daga bangon kowane hoto. Ta ci kusan kashi 49, alhali da canki-canka take yi, kashi 2.6 za ta samu. Wato bangon hoton kansa yana tona amsa. Manhaja tana iya zama gwanar gane teburin da aka ajiye ganye, ba cutar ba.

Haka abin yake da hoton tauraron ɗan'adam. Sentinel-2 na Turai, wanda manhajojin noma da yawa ke dogara da shi, ɗigonsa mafi ƙanƙanta mita 10 ne tsawo da faɗi. Yi lissafi da gona mai rubu'in hekta, mita 50 kowane gefe: ɗigo 25 ne duka-duka, 16 daga ciki suna kan iyaka, inda hanya da bishiya da gonar maƙwabci ke iya shiga. Tara ne suka rage a tsakiya. In kuma an haɗa shuka biyu ko uku a gonar, launin da tauraron ke gani gauraye ne. Ga shi kyamararsa ba ta ratsa gajimare, lokacin da ake buƙatarsa kuwa shi ne lokacin da hadari ya fi rufe sama. Wannan ba matsalar 'yan tsiraru ba ce: binciken masanan hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna kusan kashi 84 cikin ɗari na gonakin duniya ba su kai hekta biyu ba.

Sannan ka tambayi kanka wa ya ɓace a cikin bayanan. Mai aron gona wanda sunansa ba ya kan takarda, matar da ke noma amma wayar ta mijinta ce, makiyayin da ba ya zama wuri ɗaya. Tsarin rance da ya koyi aikinsa daga waɗanda suka taɓa samun rance zai ci gaba da ba irinsu, ya hana sauran, kuma ba wanda zai ce an yi da gangan.

Ɗaya ɓangaren shi ne bayanan da manhajar za ta kwasa daga wajenka. Iyakar gona da tauraro ya zana, haɗe da yawan amfanin da aka girbe, ya isa a gane mutum a kuma san ƙarfin aljihunsa. Manoman Amurka da kamfanoni sun tsara ƙa'idojin bayanan gona a 2014, ƙungiyoyin manoma da masu ƙera injina na Turai suka yi tasu a 2018, dokar bayanai ta Turai kuma, wadda ta fara aiki a Satumban 2025, ta ba mai amfani da na'ura 'yancin samun bayanan da na'urar ke tarawa. Ko waɗannan ba su hau kanka ba, ka ari ruhinsu ka sa a yarjejeniya: wa ya mallaki bayanan, wa za a iya ba, za a horar da wata manhaja da su ko a'a, da yadda manomi zai karɓi kwafinsa ko ya ce a goge. A karanta masa da harshen da yake ji kafin ya sa hannu.

Mataki na biyar: gwaji a gona

A nan aikin yake, sauran duk share fage ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Fara da zaɓen gonaki. Su zama waɗanda manhajar ba ta taɓa gani ba, kuma kada a zaɓo masu kyau kawai na bakin hanya. A sa mai jigawa da mai laka, ta mai hali da ta wanda bai sa taki ba, wadda aka shuka da wuri da ta makara. In kai ne mai ƙera manhajar, kula da wani kuskure da ya yi yawa: a ɗauki hotuna daga gona ɗaya a rana ɗaya, a cakuɗa, a ba kwamfuta wasu ta koya, a gwada ta da sauran. Wannan jarrabawa ce da ɗalibi ya riga ya ga takarda. A raba bisa gona, a raba bisa shekara.

Daminar farko a bar manhajar ta yi ta maganarta, amma kada kowa ya bi. A rubuta abin da ta faɗa da ranar da ta faɗa, manomi ya ci gaba da yadda ya saba. A gefe guda mutum biyu da suka san aikin su duba shukar kowa shi kaɗai, ba tare da sun ga amsar manhaja ko ta juna ba. Inda suka saɓa, a kai samfurin ganye ko ƙasa ɗakin gwaje-gwaje. In ba ka da wannan ma'auni na gaskiya, ba gwaji kake yi ba, kallo kake yi.

Bari in kawo hoton abin kusa. Malamin gona ne tsaye a tsakiyar masara da rana tsaka, wayarsa ƙarama, gilashin kyamarar ya goge. Ganyen ƙasa sun yi ɗorawa, launin ya faro daga tsinin ganye ya bi jijiyar tsakiya yana tsukewa, gefe-gefen kuwa har yanzu kore ne, ganyen sama lafiya lau. Duk wanda ya daɗe da masara ya san wannan yunwar naitirojin ce, taki shukar ke nema. Ya ɗauki hoto, inuwar hannunsa ta rufe rabin ganyen, manhaja ta ce cutar funfuna ce, ta ma ƙara da cewa tana da tabbaci sosai, a yi feshi. In aka bi ta, an sayi maganin da ba a buƙata, an fesa guba a banza, yunwar kuma tana nan. Irin wannan ne kake nema ka kama a daminar gwaji. Ka sa a ɗauki ganye ɗaya sau uku, da safe da rana da yamma, da waya mai tsada da mai araha, ka ga ko amsar za ta tsaya. Ka kuma yi mata tarko: nuna mata ganyen ciyawa, ko tafin hannu, ko koren ƙyalle. Wadda ta samo wa ƙyalle cuta ta gama faɗa maka ko ita wace ce.

Wajen ƙirga sakamako, kada ka yarda da lamba ɗaya. Misali, a ce cikin shuka 1,000 guda 20 ne suka kamu. Manhajar da ta ce duk lafiyarsu ƙalau ta ci kashi 98, alhali ba ta gano ko ɗaya ba. Kuskure iri biyu ne, a ƙirga kowanne dabam: cuta tana nan aka ce babu, da babu cuta aka ce tana nan. Na farko yana cin amfanin gona, na biyu yana cin kuɗi da lafiyar mai feshi da ƙudan zuma. Wanda ya fi muni ya danganta da cutar. In mai saurin yaɗuwa ce, gara ƙararrawar ƙarya da shiru. In maganinta mai guba ne ƙwarai, lissafin ya juya.

Daga nan ka farfasa sakamakon: ƙananan gonaki da manya, iri na gargajiya da ingantacce, maza da mata, waya kaza da waya kaza. Jimilla takan ɓoye rukunin da ake zalunta.

Abu biyu kuma da ake yawan tsallakewa. Ka rubuta makin cin jarrabawa tun kafin ka ga sakamako, ka sa kwanan wata, don in ka bari sai an gani, zuciya za ta sauko da shi daidai inda manhajar ta tsaya. Sannan ka gwama ta da abin da ake yi a da. Tambayar ba wai ko manhajar tana ƙoƙari ba ce, tambayar ita ce ko ta fi idon gogaggen manomi, ko ta fi jadawalin da malamin gona ke bi tun tuni. In ta haye, a damina ta biyu a raba wasu gonakin biyu, rabi a bi shawararta, rabi a bi yadda aka saba, a auna a kaka. Kuma a yi yarjejeniya tun farko cewa in rabin da aka bi shawarar manhaja ya gaza, ba manomi ne zai ɗauki asarar gwajin ba.

Mataki na shida: ka koya mata cewa "ban sani ba", ka bar wa mutum ikon cewa a'a

Manhajar da take da amsa ga kowace tambaya ba abin yarda ba ce. A sa mata iyaka: in hoton bai fito ba, in shukar ba ta cikin waɗanda ta koya, in tabbacinta ya yi ƙasa, ta ce a sake ɗauka ko a kira malamin gona, ta ba da lambarsa.

Sa idon ɗan'adam shi ne sharaɗin da kowa ke iƙirarin ya cika, kuma shi aka fi yi wa kwaskwarima. A ajiye ma'aikaci ɗaya ya danna "na amince" a kan shawara ɗari biyar a yini ba sa ido ba ne. Mutum yakan saki jiki da na'ura in ya ga ta daɗe tana faɗar daidai, har dokar AI ta Turai ta ambaci wannan ɗabi'a a sashenta na 14. Maganinta shi ne a ba mai dubawa lokaci, a nuna masa dalilin shawarar ba sakamako kawai ba, kuma kada a tuhume shi don ya saɓa wa na'ura. A riƙa ƙirga sau nawa ya saɓa. In shekara ta zagayo bai taɓa saɓawa ba, ko dai ba ya dubawa, ko tsoro yake ji.

Inda hukuncin ya shafi mutum kai tsaye, dole a buɗe ƙofar ƙorafi. Ɗauki inshorar da ke biya bisa awon ruwan sama daga tauraro: awon na iya cewa an yi ruwa isasshe a yankin, alhali hadarin ya tsallake gonar wani. Ya kamata ya san wurin wa zai je, cikin kwana nawa za a amsa masa, kuma mutum ne zai taka ya duba. Dokar kare bayanai ta Turai da ta fara aiki a Mayun 2018 ta ba mutum 'yancin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi.

Ga manhajojin hira kuwa, doka ɗaya ce ba sassauci: ba su da hurumin ƙirƙiro awon magani. Suna iya jero lambobi da cikakken ƙarfin gwiwa alhali ƙage ne. Yawan da za a zuba, kwanakin da za a jira kafin girbi, da ko an ma halatta maganin a ƙasar, duk daga takardar jikin kwalba da rajistar hukuma za su fito. Haka ma allurar dabbobi.

Mataki na bakwai: shafi ɗaya da manomi zai fahimta

A 2019 wasu masu bincike, cikinsu har da Margaret Mitchell da Timnit Gebru, suka kawo shawarar a riƙa haɗa kowace manhajar AI da katin bayani, kamar takardar da ke cikin kwalin magani. Yi naka a shafi ɗaya: abin da take yi, abin da ba ta yi, amfanin gona da yankin da aka gwada ta, sau nawa ta yi kuskure a gwajinka, da wanda za a kira. Ga wanda ba ya karatu a naɗa da murya. Kuma a faɗi wa ke biyan kuɗinta. In kamfanin taki ne ya ɗauki nauyin manhajar da ke ba da shawarar taki, ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi.

Mataki na takwas: ka shirya wa ranar da za ta tsaya

A ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024 wata gagarumar guguwa daga rana ta rikita siginar GPS, manoma da dama a tsakiyar Amurka suka tsayar da taraktocinsu ana tsakiyar shuka, don injinan sun kasa bin layi daidai. Ba kutse aka yi ba, ba kuma laifin kowa ba ne. Abin da ya kamata ka ɗauka shi ne kowace na'ura tana da ranar tsayawa, ko don intanet, ko wuta, ko kamfanin ya rufe. Rubuta yadda za a buɗe ban-ruwa da hannu, ka sa a gwada sau ɗaya a shekara. Ajiye kwafin taswirar gonakinka a wurin da ba na kamfanin ba, a sigar da wata manhajar za ta iya karantawa. Wajen sayen injina ka nemi masu bin ISO 11783, ƙa'idar da ke sa tarakta da kayan da take ja su fahimci juna ko da ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. Lambar sirrin da na'ura ta zo da ita daga masana'anta kuma a canja ta ranar farko.

Mataki na tara: bita bayan kowace kaka

Gona ba ta zama yadda aka bar ta. Tsutsar nan mai cinye masara da ta fito daga nahiyar Amurka an fara tabbatar da ita a Afirka a 2016, zuwa 2018 ta isa Indiya. A 2016 ɗin dai wata cutar alkama da aka sani a Kudancin Amurka ta ɓulla a Bangladesh. Manhajar da aka horar kafin zuwan baƙon abu ba za ta ce ga baƙo ba, za ta laƙaba masa sunan wanda ya fi kama da shi cikin waɗanda ta sani. Haka in an kawo sabon iri, ko lokacin saukar ruwa ya gusa.

Saboda haka a buɗe littafin rajista: ranar da aka ba da shawara, sigar manhajar, abin da ta ce, abin da aka yi, abin da ya biyo baya. Sigar tana da muhimmanci, don kamfani kan sabunta manhaja cikin dare, ka wayi gari da wata aba wadda ba ita ka gwada ba. Sa a yarjejeniya cewa sai an sanar da kai, kuma ba a yin babban canji ana tsakiyar damina. Bayan girbi a zauna da manoman da kansu, ba wakilansu kawai ba, a bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda aka tsallake da ƙyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai wani haɗarin da ba a ganinsa a gona ɗaya, sai an hango yanki. In manhaja ɗaya ce ke ba kowa shawara, kowa zai shuka iri ɗaya a mako ɗaya. A 1970 cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin ɗari na masarar Amurka, saboda mafi yawan irin da aka shuka suna da wani gado iri ɗaya wanda cutar ta samu lagonsa. Ba kwamfuta a lamarin a lokacin, amma shawara ɗaya ga kowa hanya ce ta komawa can. A bitar shekara ka duba ko nau'o'in da ake shukawa a yankinka suna raguwa tun zuwan manhajar, da ko feshi ya ƙaru ko ya ragu.

Mataki na goma: takardar shaida, da sharaɗin kashewa

In ka yi tara ɗin nan kana rubutawa, ka riga ka tara yawancin abin da mai binciken ISO/IEC 42001 zai nema: manufa, jerin haɗura, sunayen masu alhaki, sakamakon awo, da gyaran da aka yi. Ka nemi shaidar in masu sayen amfaninka ko masu ba ka jari suna buƙata. Amma ka san abin da take shaidawa: cewa kamfani yana da tsarin kula da AI. Ba ta ce manhajarsa ta san cutar rogo a ƙasarka ba. In ɗan kasuwa ya miƙo maka ita a madadin sakamakon gwajin gona, karɓa ka duba, sannan ka sake tambayar sakamakon.

Abu na ƙarshe da za ka rubuta, a takardar nan mai sunan mai alhaki, shi ne abin da zai sa a kashe manhajar nan take: in kuskurenta ya haura iyakar da aka sa, in ta ba da awon magani mai haɗari ko sau ɗaya ne, in an sayar da bayanan manoma ba izini, ko in kamfanin ya daina amsa ƙorafi. Ranar da ɗaya daga ciki ya faru, a aika wa kowane manomi saƙo cewa ya daina bin ta, a gaya masa wanda zai tambaya kafin a samu madadi, a karɓo bayanansa daga kamfanin a kuma nemi shaidar an goge na wurinsu. Littafin rajistar kuwa a adana shi, da shi za a gwada manhajar da za ta zo bayanta.